Bawa, Maɗinkin Takalman Kutare

Kafin rana ta ɗaga, Bawa ya riga ya shimfiɗa buhunsa a gindin tsamiyar bakin kasuwar Bungudu. Kayan aikinsa ba su cika kwando ba: tsohuwar tayar mota, wuƙa, basilla, zare, da ɗan gawayi. Kuturu zai zo ya ɗora ƙafa kan takardar siminti, Bawa ya zagaye ta da gawayi, dungu ce ko mai sauran yatsu biyu, kowa da irin nasa. Ba ya sa ƙusa ko ɗaya, don ƙafar kuturu ba ta jin ƙusa, sai ta huda ta ruɓe mai ita yana tafe yana hira. In ya gama ɗinki sai ya kai takalmin bakinsa, ya goga cikinsa a leɓensa tun daga diddige har gaba. Shi ma cutar ta cinye masa yatsu uku, ta kashe sauran. Leɓen nan ne kaɗai ya rage masa da zai gaya masa inda ƙulli ko kaifi ya ɓuya.

Shekara ashirin da huɗu yana wannan aiki. Bana ido ya ƙi, zai ajiye basilla.

Ku tambayi Buba, Bafulatanin 'Yankuzo, wanda gyambo ya raba shi da kiwo shekara biyu. Yanzu yana bin shanunsa da takalmin Bawa. Ina tsaye a kasuwar Tsafe, inda Bawa kan kai aiki ran kasuwa, ran da ya zo karɓa, ya ga yadda ake yi, ya ce, "Kai, Malam Bawa! Takalmin nawa ka ke lasa? Yunwa ta?"

Bawa ya ce, "Bar ni, Buba. Shi dai bai taɓa kwana cikin garke ba, ya fi ka tsabta."

Ku tambayi direbobin hanyar Gusau sau nawa suka ɗora shi bisa buhunan gyaɗa, rana na dukansa, don kada ya goge ma wani riga. Dangin matarsa sun ɗauke ta tun ran da tabo ya fito masa a goshi. Ɗiyarsa guda da aka bar masa ta rasu shekarar fari, shi ya haƙa kabarin da wannan hannu. Na taɓa ce masa, "Bawa, da wane rai ka ke barci?" Ya ce, "Baba, da kuturu ya zo wurin Yesu, magana kaɗai ta isa ta warkar da shi. Amma sai da ya miƙa hannu ya taɓa shi. In abin ya yi mini nauyi, wanga hannu na ke tunawa, sai in yi kwanciyata."

To, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na ambaci direbobi, bari in zo kanmu.

A majami'armu ƙoƙo ɗaya muke sha ran jibin Ubangiji, yana zagayawa daga baki zuwa baki, ni ne dattijon da ke riƙe shi. Shekarar da aka yi wa Bawa baftisma, Ɗanlami mai awon hatsi ya same ni da wasu a bayansa, ya ce, "Baba, in wancan ya sha, mu ba mu sha." Mai magani ya riga ya gaya mana cutar ta mutu a jikinsa, ba ya sa wa kowa. Na sani sarai. Duk da haka ni, da bakina, na ce wa Bawa ya riƙa zama bencin baya, ya sha ƙarshe. Na yi zaton zai yi fushi ya daina zuwa, kuma Allah ya sani da na ji sauƙi. Sai ya ce, "Ba komi, Baba. Abin da ke saman ƙoƙo shi ne a gindinsa."

Shekara goma sha tara. Muna rera waƙar ƙauna har kwanon rufi na amsawa, shi yana can baya yana jiran saura. Leɓen da ke tsaron ƙafafun Musulmi da Kirista daga Wonaka har Tsafe, shi muka ƙyamata. Dukan baƙo a fata yake tsayawa, na ɗan'uwa ne ke kai wa ƙashi.

Bawa, kai ne ka koya mana haƙuri ba ka taɓa hawa bagadin wa'azi ba. Kai ne ka sami salama a bencin da muka kai ka don mu wulaƙanta ka. Guga sha kwaramniya, ka sha, kuma ka fito da ruwa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Lahadin da ta wuce aka yi masa addu'ar sallama. Da fasto ya miƙo mini ƙoƙo, na wuce bencin gaba, na wuce Ɗanlami, na tafi baya. Bawa ya ji tsayuwata, ya ce a hankali, "Baba, ka yi ɓatan kai, can gaba a ke farawa."

Na ce, "Shekara goma sha tara ina ɓatan kai. Karɓi."

Ya riƙe da hannu biyu, ya sha. Na sha a daidai inda ya sa baki. Sannan na zagaya. Mutum talatin da ɗaya suka sha, bakwai suka sunkuyar da kai suka bar shi ya wuce. Na ƙirga su, ba zan ɓoye ba. Ɗanlami ya daɗe yana kallon ƙoƙon, sannan ya sha.

Mun gode, Bawa. Ka yafe mana, ko da yake ka riga ka yafe tun ba mu roƙa ba. Ku kuma masu yatsu goma da idanu biyu, basilla tana nan a gindin tsamiya, ƙafafu suna nan suna ruɓewa. Ya ce zai koya wa duk wanda ya zo. Har yau da nake wannan rubutu, ba wanda ya zo.