Ranar da Injin Kawu Ya Mutu a Hanyar Gummi

Ƙarfe tara da minti goma sha biyu na safe injin ya fara tari. Na san haka domin idona na kan agogon da na ci kyauta a makaranta, ina lissafin ko za mu riski Kaka.

Tun asubar fari muka bar ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum, ni da Kawu. Kaka, mahaifiyar Inna, za ta aikin Hajji, motar maniyyata kuma za ta tashi daga Gummi bayan azahar. Ta tsufa, ta kuma aiko cewa ba ta sa ran dawowa, in zo ta gan ni. Hutun nan gaba ɗaya na yi shi ina kwafa mata addu'o'i a ƙaramin littafi, da manyan baƙaƙe saboda idonta. Ruwan sama ya cinye hanyar mota, sai Kawu ya ce mu bi gulbi da kwalekwalensa, wanda ya ɗaura wa inji bara.

Gulbin Zamfara ya cika ya kwanta cikin fadama, launinsa kamar kunun kanwa. Tururi na tashi daga saman ruwa, giginyoyi na tsaye a ciki har ƙugu, shinkafa kuma sai kawunanta ake gani suna rausaya. Balbelu sun jeru kan wani busasshen reshe, ba wadda ta damu da mu. Na jima ina jin kamar mu ne a tsaye, gaɓar ce ke wucewa.

Wajen tara saura kwata muka tsaya a wata mashaya. Kawu ya hau tudu sayen gasasshiyar masara, uku sule, ya tsaya gaisawa da mutane. Nan na lura da jan tankin fetur da ke kusa da ƙafata. Murfinsa na da ɗan rami, fetur na tsattsafowa yana bin katako zuwa jakar da littafin Kaka ke ciki. Sai na yi abin da Inna ke yi wa kwalbar man gyaɗa duk lokacin tafiya: na buɗe murfin, na shimfiɗa leda ninki biyu a baki, na murɗa da ƙarfi. Na datse gefen ledar da reza don kada ta yi muni, na rufa wa tankin tabarma saboda rana. Na ji daɗin aikina ƙwarai.

Ba mu yi nisa ba injin ya yi tari, ya shiɗe, ya mutu. Kawu ya ja igiya har gumi ya jiƙa masa riga. Ya cire fulogi ya kankare da wuƙa, ya hura, ya mayar. Shiru. Daga nan ya ce in shimfiɗa gyalena, ya kwance kafireta a kai. Ni na jera masa ƙusoshin daga babba zuwa ƙarami. Ya tsokane wata 'yar ƙofa da tsinken tsintsiya, ya leƙa ƙoƙon da fetur ke taruwa, ya same shi a bushe.

“Datti na,” in ji shi. “Man kwanan nan duk datti na.”

Ya haɗa, injin ya tashi, ya yi minti huɗu ya sake mutuwa. Sau uku ana haka.

Tsakanin kwancewa da haɗawa ruwa ya janye mu cikin fadama, muka maƙale a kainuwa. Ba ƙarar komai sai kwaɗi da ɗigar ruwa daga filafili. Gajimare na tafiya a sama, yana tafiya a ƙasa, na rasa wanne zan kalla. Na riƙa ganin Kaka cikin fararen kaya tana takawa a kan ruwan, tana nisa a hankali ba ta waiwayo ba. Da na ɗaga tabarma in ɗauko jaka, na ga cikin tankin ya lotsa kamar kumatun mai azumi. Nan na tuna da ledata. Na rubuta a littafina: tanki ya lotsa, sha ɗaya da rabi. Amma bakina ya kasa faɗa wa Kawu.

Ƙarfe ɗaya saura kwata wani tsohon masunci ya ratso da ƙaramin jirginsa. Suka gaisa da Kawu har da tambayar shanu. Ya saurari labarin, bai ko kalli kafireta ba. Ni ya kalla, ya kalli bakin gorar ruwana da ke ɗaure da leda, sannan ya sa filafili ya yaye tabarmar. Da ya murɗe murfin, tankin ya ja iska da ƙara, ya buɗe kamar an sake shi.

“Wa at toshe mishi hanci?” ya tambaya, yana ɗaga ledar.

“Ni ce, Baba,” na ce, kaina a ƙasa.

“Aiki ya yi kyau, ɗiyata. Ko tururuwa ba ta shiga. To in iska bai shiga ba, mai ba ya hita.”

Kawu ya dubi gyalena da ya baƙanta da mai, ya kama igiya. Ja ɗaya injin ya tashi. Na so in tambayi tsohon yadda ya gane, ƙarar ta hana.

Mun isa Gummi an daɗe da sallame azahar. Na yi gudu, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba. Motar na nan, cike, direba na ta hon. Kaka na zaune kan turmi a gefen titi da buta a hannu. Ashe alwala ta uku take yi, duk lokacin da aka ce ta hau sai ta ce ba ta tabbata ta wanke kunne ba. Ta karɓi littafin, ta kai shi kusa da ido, ta karanta layin farko ba tare da gargada ba. Ta riƙe fuskata da hannuwanta masu sanyi, sannan ta hau.

Washegari da la'asar muka dawo gida, fetur na tsattsafowa daga ramin murfi, jakata na kan cinyata. Na koyi cewa ba duk rami ne ɓaraka ba, kuma shirun awa ɗaya da kwata ya kusa raba ni da Kaka. Amma abin da nake ta juyawa shi ne abin da ya faru a hanyar dawowa. Mun sami tsohon a wurin jiya yana ɗinkin koma. Ni da na kwana ina zaton wani asirin ruwa gare shi, na daure na ce wa Kawu ya rage wuta, na tambaye shi da bakina.

Ya yi dariya har jirginsa ya girgiza.

“Babu wani asiri, ɗiyata. Uwar ɗiyana ta taɓa yi min haka can Yawuri. Ni kwana biyu na yi ina zagin kafireta.”