Akori-kurar Yaya Sabo, Shekara Tara Bayansa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Sabo, malamin dabbobi, wanda mutanen Dutse da dama suka fi gane farar akori-kurarsa fiye da fuskarsa. Duk sanda damina ta kankama nakan tuna shi, don damina ce ta jefa shi cikin aikin da aka daɗe ana yi masa dariya a kai.

Asalin motar, tayoyin baya kaɗai ke janta. A kan kwalta ba ta da laifi. Wata shekara ciwo ya ɓulla a cikin shanun wasu rugage can bayan Miga, Arɗon wurin ya aiko a kira shi. Ya ɗauki allurar rigakafi a akwatin ƙanƙara ya kama hanya, sai motar ta kafe a wata fadama. Tayoyin baya suna ta juyawa suna haƙa wa kansu rami, na gaba kuwa ko motsi. Kafin a samo shanun huɗa su jawo ta, ƙanƙara ta narke, magani ya lalace. Da ya sake samo wani ya isa rugar, fatun shanun da suka mutu Arɗo ya nuna masa a shanye. Ranar bai ci tuwon gidansa ba. Abin da ya ce mini kawai shi ne: "Tayoyi huɗu na saya, biyu na aiki, biyu na kallo."

Yana da aboki makanike, Oga Bitrus, mutumin Filato da ya daɗe da garejinsa a Dutse. Da Yaya ya gaya masa yana son tayoyin gaba su ma su riƙa ja, Oga Bitrus ya ce, "Malam, ka sayar da ita ka nemi wadda aka ƙera a haka."

"Waccan ta manya ce, Oga. Wannan ce tawa."

Rani guda suka cinye a kan aikin. Sun yi ta zirga-zirgar Kano wajen 'yan gwangwan har suka dace da matacciyar mota irinta mai ja da tayoyi huɗu, suka kwance ƙarfen da ke riƙe tayoyin gaba, da ƙaramin akwatin giya mai raba ƙarfi gaba da baya. Aka yanka, aka yi walda, aka sake yankawa. Motar ta yi watanni a kan bulo, har matarsa Hajara ta mayar da bayanta wurin shanya kuɓewa. Maƙwabta in za su wuce masallaci sai su ce, "Malam, yau ma jirgin bai tashi ba?"

Gwajin farko bai yi daɗi ba. Tayoyin gaba sun fi na baya sauri, motar ta yi ta tirjiya kamar jakin da aka ja wa kunne, can sandar da ke kai ƙarfi gaba ta karye. Ina wurin. Yaya ya ɗauki guntun ƙarfen ya jujjuya shi, ya ce ai yanzu sun san abin da ba ta so. Suka koma Kano neman haƙoran giya da suka yi daidai da na baya. Da ruwa ya sauka, fadamar da ta kunyata shi ya fara nufa. Motar ta shiga taɓo har gindin ƙofa, ta yi nishi, ta fito. Oga Bitrus ya ce tunda yake bai taɓa jin Malam ya yi ihu ba sai ranar.

Damina biyu kacal ya more ta, Allah Ya karɓi abinsa bayan gajeriyar jinya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kwalta ta matsa kusa da wuraren da yake shan wahala. Akwai firij mai aiki da hasken rana, makiyayi kuma kan ɗauki hoton saniyarsa ya turo ta waya. Na san zai yi murna, don shi ba mai ƙin sabon abu ba ne. Na kuma san zai ce hoto ba ya yin allura, dole wani ya taka har can. Rugage ba sa zama bakin titi, inda kwalta ta ƙare nan aikin yake farawa.

Bayan rasuwarsa an zo sayen motar, Hajara ta ƙi. Babbar 'yarsa Hadiza ta karanci lafiyar dabbobi, yanzu ita ke tuƙa ta. Oga Bitrus ya tsufa, 'ya'yansa ke riƙe da garejin, amma in aka kawo wannan motar da kansa yake shiga ƙarƙashinta.

Daminar bara na raka Hadiza wata ruga. Ina kallo ta tsaya a bakin taɓo, ta ja ƙaramar giyar nan, muka ratsa. Muna isa wata tsohuwa ta fito daga bukka, ta daɗe tana duban motar, sannan ta dubi yarinyar.

"Ke ce 'yar mai motar?"

"Ni ce, Inna."

"Allah Ya jiƙansa. To sauko, akwai maraƙin da bai sha nono ba tun jiya."

Yaya Sabo bai bar gidaje ko filaye ba. Ya bar mutanen da in sun ji ƙarar mota a cikin daji suke sa ran taimako ne ya iso, ya kuma bar wadda za ta sauko ta duba maraƙin. Allah Ya haskaka kabarinsa.