Nashwa da Agwagin Saman Soro

Nashwa kuke tambaya? To ku gyara zama, ko da yake ita mai labarin ba ta taɓa sanin zama ba. 'Yar Abdulgawad ce mai gyaran injin ban-ruwa, nan ƙauyenmu na Fayyum a ƙasar Masar. Uwarta ta rasu tana 'yar shekara shida, kakarta Nabawiyya ce ta raine ta. Siririya ce, kai ka ce garwashi aka zuba mata a takalmi. A tsaye take cin gurasa, a tsaye take karatu, in kuwa an tilasta mata ta zauna, gwiwarta ta dinga rawa ke nan har shayi ya zube.

Da ta gama sakandare ta ci jarrabawa ci mai kyau, sai wata makaranta a Alƙahira ta ɗauke ta kyauta, irin wadda 'ya'yan masu hali ke shiga. Makarantar nan tsarinta daban ne. Shekara biyu ba a zaɓen fanni, juya mutum kawai ake yi, yau tarihi, gobe lissafi, jibi waƙa, har zane sai da aka sa ta. Ubanta ya riƙa gunaguni, wai shi ya aika a dawo masa da likita, an zaunar da ita tana zana tulu. Ita ko abin ya yi mata daidai, tunda dama ba ta daɗewa a kan abu ɗaya. Da lokacin zaɓi ya zo, ta ce tattalin arziki za ta karanta.

Nabawiyya ta ce, "Wane arzikin za ki tattala, 'yar nan? Na ubanki? Ai sifana biyu ne da jaki."

"Kaka, ba haka ba ne. Ana duba yadda mutane ke samu, da yadda suke rayuwa da abin da suka samu."

"Wannan ai ni za a zo a tambaya, ba sai an hau mota ba."

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya yi bincike da hannunsa ya rubuta, in babu shi babu takardar gamawa. Ita kuma kyautar da aka ba ta shekara huɗu ce cif, babu ta biyar. In ta faɗi, sai dai ta dawo gida hannu sake. Abokan karatunta suka zauna cikin sanyin ɗakin littattafai suna kwaso lambobi. Nashwa ta ce a'a, ita a kan agwagi da kajin da mata ke kiwo a saman soro za ta yi, don ta san su ne ke riƙe da gidaje da yawa a wajenmu. Ta bugo takardu ɗari da ashirin masu tambayoyi, da hatimin makaranta a kai, ta dawo hutu tana shiga gida-gida kamar guguwa.

Tambayar farko a takardar ita ce: agwaginki nawa?

Yanzu fa ku ji. Wa ke faɗin yawan abin kiwonsa da baki? Ko 'ya'yanki aka tambaya sai kin yi salati kin rage. Yarinyar nan a cikinmu ta tashi, ta sani sarai, amma shekara uku a birni ta sa ta ɗauka hatimi zai kori tsoron kambun baka.

Ta shiga gidan Ummu Ragab, maƙwabciyarsu katanga ɗaya. "Inna, agwaginki nawa?"

"Uku. Su ma ɗaya gurguwa ce."

Saman soron kuwa ƙara yake kamar kasuwar Talata. Nashwa ta ɗaga kai. "Inna, wannan hayaniyar fa?"

"Baƙi ne. Rubuta uku, 'yar boko, ki sha shayinki."

Ta rubuta uku. Gida na gaba uku, na gaba biyu, wata ma ta ce duk sun mutu, alhali gashin agwagwa na maƙale a mayafinta. Nashwa tana sauri, ba ta tsaya ta yi tunani ba, ta tattara takardu ta koma Alƙahira.

Malamarta, Dakta Mirfat, ta juya takardun ta juya, sannan ta cire tabarau. Ta ce, "Gida ɗari da ashirin, kusan kowa uku? Nashwa, faɗa mini gaskiya, a ɗaki kika zauna kika cike su?" Wannan magana ta fi mari zafi. Ta rantse, ta yi kuka. Malama ta ce to ta yarda, amma da waɗannan lambobi ba za ta sa hannu ba. Kwana ashirin suka rage a rufe karɓa.

Ta faɗa ƙaramar bas ta dawo, ko abinci ba ta nema ba. Washegari da hantsi ta haye soron kakarta, inda ake hango soraye goma sha, ta tsaya da littafi tana nuna agwagin mutane da bakin alƙalami, leɓenta na motsi. Ummu Ragab ta fito shanya ta gan ta. Ta ware mata yatsu biyar don kore ido, ta kwarma ihu, "Jama'a! Jikar Nabawiyya na ƙirga mini dabbobi!"

Allah da ikonsa, bayan kwana biyu agwaginta biyar suka mutu. Lokacin zafi ne, ciwo na yawo, amma je ki faɗa wa Ummu Ragab haka. Kafin la'asar kowace mace ta rataya tsohon bargo ta kare soronta. In Nashwa ta biyo layi sai ka ji ƙofofi garam, garam.

Kwana huɗu tana safa da marwa a tsakar gida. Ta ɗauki takarda ta ajiye, ta leƙa waje ta dawo, ta ce za ta koma Alƙahira, ta ɗaure jaka, ta kwance. Nabawiyya na zaune a gindin tsani tana yi wa agwaginta ɗura, don rabin Sha'aban ya gabato, lokacin da kowace uwa ke aika wa 'yarta mai aure agwagwa mai ƙiba. Yatsun tsohuwa sun kumbura da sanyin ƙashi, aikin ba ya sauri.

Ta ce, "Ke, kin sa mini jiri. Zo ki karɓe ni, ko digirin ya hana?"

Nashwa ta zauna. A danne agwagwa a ƙarƙashin cinya, a buɗe baki, a yi bismilla, a tura jiƙaƙƙen wake da masara, a shafa wuya ya wuce, a ɗiga ruwa, a saki, a kamo wata. Ba a yin sa da gaggawa, in ka yi gaggawa ka shaƙe ta. Sai da rana ta take suka gama. Tana wanke hannu sai ta tsaya cak.

"Kaka! Goma sha bakwai na ɗura wa. Ke ma uku kika ce mini!"

"Rufe bakinki, mai baƙin baki, yi salati! Takarda ce ta tambaye ni, na ba takarda amsarta."

Nashwa ta dubi hannunta da ya ƙirga mata ba tare da ta tambayi kowa ba. Washegari tun da farar safiya ta ɗauki ƙwarya da 'yan tsakin agwagwa biyu da kakarta ta ba ta, ta buga ƙofar Ummu Ragab. Ba takarda, ba alƙalami.

"Me kuma kika zo kashewa?"

"Inna, na yi laifi. Ga wannan a fara mayar da gurbi. Na ji bayanki na ciwo, na zo in yi miki ɗura."

Ummu Ragab ta dube ta sama da ƙasa. "Da waɗannan yatsun na riƙe biro? Agwagin nan za su cinye ki."

"Su cinye. Amma ba zan ɓoye miki ba, abin da na gani zan rubuta, ba suna, ba gida."

Matar ta matsa daga bakin ƙofa. Sannan ta ce, "Abin da hannunki ya taɓa da bismilla, naki ne ki sani. Amma in na ji lamba ta fito daga bakinki a gidan nan, da muciya zan raka ki."

Labari ya zaga cewa jikar Nabawiyya na ɗura kyauta. Ga biki ya matso, ga hannu ya yi ƙaranci, sai aka fara aiko mata. Gida uku a yini, wani lokaci huɗu. Tana zaune da agwagwa a cinya, matan na ta zuba, abin da ko da takarda ɗari ba za su faɗa ba: wace ce ta sayar da ƙwai ta sa 'yarta a makaranta, wace ce mijinta ya yi wata shida ba aiki kuma soro ya ciyar da gidan. In ta dawo gida sai ta rubuta kafin ta manta. Agwagi suka tsattsage mata bayan hannu, bayanta ya ƙage, tana lissafin kwanaki tana cizon leɓe, don ta ga ba za ta kai ko rabi ba.

Gida arba'in da ɗaya ta samu. Ranar ƙarshe ta isa makaranta saura awa biyu a rufe, tana warin soro. Dakta Mirfat ta karanta, ta ce gidajen sun yi kaɗan, ba za ta ba ta babban maki ba, amma waɗannan lambobi na gaske ne. Ta sa hannu.

Nashwa ta fito da takardar gamawa, makinta tsaka-tsaki. Mako guda tana masifa a kan makin nan, wai da an ƙara mata kwana goma da ta gama ƙauyen kaf. Yanzu tana aiki da masu kula da noma can wajen Minya, ƙauye-ƙauye take bi, kuma duk sabon ma'aikacin da aka haɗa ta da shi, sai ta sa ya bar jakar takardunsa a mota kafin su yi sallama.