Likkafanin Kawu Nomau

Duk wanda ya san Kawu Nomau na Tsamaye ya san ba a jana'iza ba shi. Ko a can garin Isa aka yi rasuwa, sai ya ɗaura wa jakinsa akumari ya tafi. Dawowarsa ce ke ba mutane haushi. Kowa ya shigo gari jiki a sanyaye, shi kuwa ya miƙe ƙafa a ƙofar gida ya ƙwala wa matarsa kira: "Tumba, kawo hura! Yau ma ba ni na ba!"

Liman ya taɓa tare shi. "Nomau, ka ji tsoron Allah, daga maƙabarta fa muke!"

"Tsoron nashi na ji, Malam, shi ya sa nike godiya. Kai baƙin ciki kake da anka bar ka?"

Liman ya gyara rawani ya wuce.

Amma kai shi wurin suna ka sha kallo! Ranar sunan ɗana na fari, hawaye har gemu. Na ce, "Kawu, lafiya?" Ya ce, "Wanga bawan Allah yanzu za shi hwara. Ga hitar haƙori, ga ƙyanda, ga neman aure. Ni ai na kusa hutawa."

Likkafaninsa kuwa ya daɗe da saye. Ya naɗe shi cikin buzu ya rataye a rufin ɗakinsa, ƙunshi guda ƙato. Muna tsokanarsa, "Kawu, da jakin za a haɗa ku?" Sai ya ce, "Ina ruwanku."

Sai ga shekarun fari. Kun tuna. Rumbu ya ƙare, muka koma dusa da ganyen tafasa, daga baya muka yi abin da manomi ba ya yi, muka daka irin shuka muka ba yara. Kowa ya san ko ruwa ya dawo ba mu da abin sawa a ƙasa. Inna Tumba ta ce a kai farin yadin nan kasuwar Sabon Birni a samo ko dawa ce.

"Duk wanda ya taɓa ƙunshin ga, mutuwata yake kira," in ji Kawu. "Taɓa, in kin gaji da ni."

"Na gaji da kai tun bara!" in ji ta. Amma ba ta taɓa ba.

Ruwan shuka ya sauka wata Laraba da hantsi. Ƙasa ta jiƙe sharkaf, mu kuwa muna tsaye muna kallo kamar baƙi. Kawu ya rame ƙwarai a lokacin. Ya sa aka fito da shi bakin ƙofa, ya shaƙi ƙamshin ƙasa, ya ce, "Yau kam ni na." Kafin azahar ya cika.

Ni na hau na sauko da ƙunshin, saura kaɗan ya kayar da ni don nauyi. Muka kwance. Likkafani na nan, a cikinsa kuma gero ne tsaba, gauraye da toka don ƙwari!

Inna Tumba tana tsakiyar kuka sai ya juye mata dariya. "Ja'irin tsoho! Bisa kanmu yake rataye muna cin dusa!" Ta yi dariya, ta yi kuka, ta rasa wanda za ta riƙe. Har Liman sai da ya kau da kai yana goge ido.

Daga maƙabarta gona muka wuce da sungumi. Duk wanda ya zo ta'aziyya, a can ya same mu, aka cika masa tafin hannu da iri ya koma tasa gonar. Da yamma na zauna inda Kawu ke zama, laka har gwiwa, na ji bakina yana cewa, "Yau ma ba ni ba ne." Wallahi ko kunya ban ji ba, daɗi na ji.

Ɗan nan nawa da Kawu ya yi wa kuka ranar suna ya sha furar sabon gero a kakar nan. Allah Ya jiƙan Kawu Nomau, Ya sanyaya makwancinsa kamar yadda Ya sanyaya ƙasa ranar da ya tafi.