Lugude da Dodo a Turmi Ɗaya

A shekarun da aka fara gina ofisoshin gwamnati a Dutse, Babanmu yana can yana aikin birkila, mu kuma muna gidan kakarmu Inna, a wani ƙauye kusa da Miga. Lokacin sanyi, bayan sallar isha'i, takan hura kara a bakin ɗakinta. Ni da ƙanena mu raɓa jikinta, ta binne mana gyaɗa a toka, ta ba mu tatsuniya.

Ummanmu ita ce 'yar farin Inna. Saboda kunyar 'yar fari, ban taɓa jin Inna ta kira sunanta ba. Sai dai ta ce "waccan", ko ta aike ni da magana alhali suna tsakar gida ɗaya.

Ranar da nake tunawa, Umma ta shiga ɗaki da naƙuda tun da hantsi, ungozoma na tare da ita. Har duhu ya yi babu labari. Ko nishinta ba mu ji ba, don an rene ta a kan cewa mace ba ta kuka wurin haihuwa. Kawu Sale, ƙanen Umma, yana zaure da mai a-kori-kurar da ya tsayar, yana jiran mata su aiko a tafi asibiti. Ungozoma tana jiran uwar mai naƙuda ta yi magana. Inna kuwa ta hura wuta kamar kullum.

"Ku matso," in ji ta. "Ga wata nan tafe, ku tare ta."

Wai an yi yunwa, wata mata ta je roƙon gero wurin Dodo. Ya ce zai ba ta, amma sai sun yi lugude a turmi ɗaya cikin duhu, shi da taɓaryar ƙarfe, ita da ta itace. In taɓare suka yi karo, 'yarta ta zama tasa. Matar ta ƙulla a ranta za ta jira ta ji saukar tasa, sannan ta sauke tata. Ashe Dodo ma abin da ya ƙulla ke nan. Suka tsaya kowa da taɓarya a sama, yarinyar tana zaune a gindin turmi.

"Inna, to wa zai fara?" in ji ƙanena.

"Ji min miji, ko cefane ba ya kawowa, sai tambaya. Ci gyaɗarka."

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Gyaɗar ma ta ƙone. Ungozoma ta fito ta zubar da ruwa, ta dubi Inna, Inna ta dubi wuta. Ungozoma ta koma ciki.

Inna ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa. Kafaɗar matar ta sage, taɓarya tana neman suɓucewa, ga kan yarinya a ƙasa. Sau biyu Inna ta maimaita wannan wurin, ba ta san ta yi ba.

Da ungozoma ta sake fitowa, ba ta zubar da komai ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, hasken wuta ya nuna jini a zaninta. Inna ta miƙe ba tare da ta dafa ƙasa ba.

"Sale, ku kawo motar nan. Hadiza ce."

Ranar na fara jin sunan a bakinta. Suka fito da Umma a tabarma. Ba su kai asibiti da ita da rai ba, abin da ke cikinta ma bai zo ba.

Yanzu ina aiki a ɗakin gwaji na wata makaranta, ni ke haɗa wayoyi da kula da kayan aiki. Muna da na'urar lesa mai harba haske ɗaiɗai, kowane ya fi ƙiftawar ido gajarta, da wata na'ura mai ɗaukar bayanin abin da hasken ya yi. Farkon haɗa su, mai ɗauka an saita ta ta jira haske, lesa kuma ta jira sigina daga gare ta. Muka wuni allon kwamfuta fayau. Malamin da nake taimaka wa ya bi wayoyin da yatsa.

"Malama Binta, babu wadda ta lalace. Kowace jiran 'yar'uwarta take."

Sai muka sa wani ƙaramin akwati da ke haɗe da kwamfuta ya zama mai ba da umarni. Sigina na farko ya buɗe mai ɗauka, na biyu ya biyo bayan ɗan taƙin da aka auna, ya harba lesa. Nan take zane ya fito a allo. Na ce masa zan je alwala, na daɗe a bakin famfo.

Ban ɗora wa kowa laifin rasuwar Umma ba, kwana ne ya ƙare. Duk wanda ke gidan a ranar ladabi yake yi, irin wanda aka koya masa. Abin da na gane kawai, inda kowa ke jiran kowa, dole wani ya yarda ya ji kunya ya fara magana. Inna ba ta ƙarasa tatsuniyar ba, ni kuma ban tambaye ta ba. Ta yi shekaru bayan nan, kuma duk baƙon da ya zo gaishe ta, sai ta nuna mu ta ce, "'Ya'yan Hadiza ne, Hadizata."