Rabin Garwa da Ganyen Bedi

Babanmu ɗan kasuwar hatsi ne a Dutsin-Ma. Wajen lokacin da aka sami mulkin kai ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura a hannun wani ɗan kwangila, don kai buhuna kasuwannin ƙauye. Motar ba ta tashi sai an tura, in kuma ta tashi ba ta daɗewa take neman ruwa, domin lagiretonta yana yoyo. Mutanen unguwa suna ce mata Sai-ta-ga-dama. Baba yakan yi dariya ya ce ko jaki ma ai sai ya ga dama.

Sau ɗaya a shekara, da bazara in an ba mu hutun makaranta, Baba yakan kai Inna ganin gida Kurfi. Ita tana gaba, ni da ƙanwata muna baya tare da tsaraba: goro, sabulu, buhun gero. Tafiyar ba ta da nisa, amma mu takan ci mana rabin yini. Mu tsaya gindin tsamiya mota ta huce, mu ci ƙuli-ƙuli, masu jakunan da muka wuce su zo su wuce mu suna cewa, "Sannu da hutawa, masu mota!"

Ƙanwata ta fi kowa ɗokin wannan tafiya. Sunan kakarmu ta Kurfi aka sa mata, shi ya sa Inna ba ta kiran sunanta, sai dai ta ce "Uwata". Tsohuwar kuwa tun daga zaure take tambaya, "Ina takwarata?" Takan ajiye mata aya da tsakin kuka a cikin wani ɗan ƙoƙo, ni sai abin da takwarar ta ga damar ba ni.

Aikina a tafiyar shi ne ruwan mota. In cika garwa a rijiya, in sa ganyen bedi, wato darbejiya, a kai don kada ya yi ta fantsama a gargada, in ɗaure bakin da tsumma. A shekarar da nake magana ina da kamar shekara goma. Rijiya ta ja baya, guga sai ya fito da ɗan ruwa kaɗan, ga mata sun yi layi, ga abokaina suna langa a bakin hanya. Da garwa ta kai rabi sai na gaji. Na tsinko ganye mai yawa har da rassa na cusa, ya taso har baki, na ɗaure. Baba ya leƙa ya ga ganye a sama, ya ce, "Madalla, yau ka yi aikin manya."

Tsayawar farko ruwan ya isa. A ta biyu, a wani fili da babu gida babu inuwar kirki, Baba ya karkata garwa sai ganye ya zubo.

"Kai, ina ruwan?"

Ban yi tunani ba. Na ce, "Ita ce ta ture da ƙafa da muka faɗa rami."

Ya dubi ƙanwata. Ita kuma ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Ko da Baba ya duba bayan motar, zafin ranar nan ai ya isa ya busar da komai, don haka bai yi shakka ba. Ya ɗauki garwa ya nufi wata rugar Fulani da muke hangowa can nesa, bai dawo ba sai bayan azahar, rigarsa sharkaf da gumi. Bai daki kowa ba. Cewa kawai ya yi, "Baɗi ke za ki zauna gida wajen gwaggonki, sai kin yi hankali."

Inna ta ce, "Malam, yarinya ce fa."

"Na faɗa."

Baba ba ya magana biyu. Ina da shekara guda cur da zan iya zuwa in ce masa ni ne. Sau da yawa nakan tsaya bakin rumfarsa da niyyar faɗa, sai in ga yana awo, in ce gobe. Da bazara ta zagayo muka tafi muka bar ta tsaye a ƙofar gida, ta yi kitso sabo, don har safiyar ranar tana zaton zai sauya magana. A Kurfi tsohuwa ta fito tana tambayar takwararta, Inna ta ce tana gida, sai wata shekara. Kafin wata shekarar, da kaka, Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa.

Ban faɗa wa Baba ba har ya bar duniya. Ƙanwata kuwa sai da muka yi jikoki sannan na faɗa mata. Na je gaishe ta bayan wata jinya da ta yi, muna zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, na ce, "Hajiya, akwai haƙƙinki a kaina." Na ba ta labari tun daga bakin rijiya.

Ta ce, "Yaya ke nan. Ai na san ban ture ba. Tsoro ne ya hana ni magana. Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na ji sanyi a raina, har na fara shirin tashi. Sai ta ajiye faifan ta ce, "Amma zauna ka gaya mini. Wannan zuwan da kuka yi ban da ni, yaya kuka sami takwarata? Ta rame? Me ta ce a gaya mini?"

Na zauna ina lalube. Kwana uku muka yi a Kurfi a wannan zuwan, ni kuwa duk a bayan gari na yi su, ina harbin ƙadangaru da 'yan uwa. Na san tsohuwar ta kira ni ɗakinta ranar da za mu taho, ta riƙe hannuna ta ba ni saƙo. Na tuna ɗakin, na tuna ƙamshin turaren wuta. Saƙon ne ban riƙe ba, ban kuma isar ba a lokacin, don ina gudun duk wata magana da za ta tayar da zancen garwa.

Na ce, "Wallahi Hajiya, na manta."

Ta ɗan jima tana kallona, sannan ta jawo faifanta ta ci gaba da tsintar shinkafa.