Ayar da Suruki Ya Tauna

A gidanmu na Toranke, in damina ta ja baya, da an ci tuwo kakarmu Iya Tabawa takan hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta zuba ɗanyen ganye wai hayaƙi ya kori sauro. Sauron bai taɓa tafiya ba, mu dai ne muke tari. Amma ba mai tashi, don a nan ake tatsuniya.

Wata rana na dawo daga fadama aljihu cike, na juye mata a zani ina hura hanci, wai na haƙo mata aya. Ta ɗauki ɗaya ta sunsuna, ta dube ni.

"Maigidan, da wannan za ka ciyar da ni? Zauna. Ga wata nan tafe, ku matsa mata."

"Ta iso mu ji ta," muka ce.

Wai an yi wani mutum, Tanko, mai son a yabe shi. Zai je gaida surukinsa, ya ce shi ba zai kai abin kasuwa ba, sai ayar da ya haƙo da hannunsa. Ya shiga fadama ya tarar da ciyayi kamarsu ɗaya. Bai tambayi kowa ba, ya zaɓi mai duhun ganye, wai ita ta fi ƙoshi. Ashe aya-aya ce, 'yar'uwar aya mai ɗacin tsiya.

Ya kai ƙwarya guda, suruki ya jefa ɗaya a baki, idonsa ya kawo ruwa, amma kunya ta hana shi tofarwa. Ya haɗiye ya ce, "Madalla." Aka turo wa Tanko ƙwaryar, ya sunkuyar da kai, shi ba ya cin abu gaban suruki. Hawayen da ya gani kuwa ya ɗauka na daɗi ne. Da shekara ta zagayo ya kawo buhu guda. Shekara bakwai tsoho na taunawa yana madalla, har haƙoransa suka ƙare.

Iya kan yamutsa fuska ta kwaikwayi madallar nan, ita da ba ta da haƙori ko ɗaya, mu yi ta birgima a tabarma.

"Ta tsaya nan, ɓera ya ja sauran," in ji ta. Sannan ta kama kunnena. "Aya ganyenta da haske, furenta rawaya-rawaya, 'ya'yanta ɗai-ɗai a bakin saiwa. Aya-aya furenta ja-ja ne, 'ya'yanta baƙaƙe a jere kamar carbi. Kajiji kuwa kararsa kamar ganyen albasa, saiwarsa ta turare ce. In duk ka manta, ciza."

Na girma, na kama aiki a Ajingi, na zama manomin Asabar da Lahadi. Shekarar da na yi aure na shuka aya, na sa aka haƙo, ban ko duba ba na kai wa surukina a Balan kwano guda, ina jin kaina. Ya jefa ɗaya a baki, ya tauna. Idonsa ya kawo ruwa.

"Madalla," ya ce.

Na ji kamar Iya ta sake kama kunnena, alhali ta daɗe da rasuwa. Na ajiye kunya, na sa hannu a kwanon gaban surukina, na ciza. Rabin kwanon aya-aya ce.

"Baba, a gafarce ni," na ce, bakina a yamutse.

Ya tofar da sauran, ya yi dariya har da tari. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Dama ina zaune ina tunanin shekara nawa zan yi ina taunarta."

Da ina yaro na zaci ciyawa Iya take koya mini. Yanzu na gane mutanenmu take koya mini, masu haɗiye ɗaci don kada ka ji kunya. Ina kewarta ƙwarai. Har yau in aka ce mini madalla, idon mai faɗa nake fara kallo.